Ranar da Na Tsince Irin Kaka

Ƙarfe huɗu da kwata na yammacin wata Alhamis abin ya fara lalacewa. Na san lokacin daidai, domin sai da na leƙa agogon bangon shagon Baba na rubuta shi a saman shafi, kamar yadda nake rubuta komai a wancan zamani. An idar da la'asar, keken ɗinkin Baba ya ci gaba da ƙara, Inna tana madafi tana fama da ɗanyen itace. Ni kuwa na ɗauko faifanta, na zauna a gindin darbejiyar tsakar gida, na kwance wani ƙullin tsumma, na zazzage irin gurjiyar da wata tsohuwa ta ba ni amana. Ba ɓarna na zauna yi ba. A zatona gyara nake yi.

Jikata ce ta tayar mini da wannan tsohon zance. Tana karatun aikin gona a babbar makarantar da ke nan garin, kuma makon jiya ta sauko daga keke napep riƙe da wata 'yar leda mai hoto a jiki, ta ce irin da aka ba su ne su gwada. Na sa ta yage bakin ledar ta zuba mini a tafin hannu. Kowace ƙwaya kamar 'yar'uwarta, girma ɗaya, siffa ɗaya, an shafe su da jan magani har ba a gane asalin launinsu. Na daɗe ina juya su da yatsa. Ta ce, "Hajiya, me kike nema a ciki? Ke fa ba ki taɓa riƙe fartanya ba." Ban musa mata ba, domin har yanzu maganata ba ta fita da sauri. Sai da ta tafi na ɗauko takarda na fara rubuta wannan labari.

Makarantarmu ta je-ka-ka-dawo ce, a bakin gari, kuma a bayan azuzuwa akwai gona. In ka bi ta wurin yau ba za ka yarda ba. Jerin shaguna ne, masu cajin waya da masu sayar da siminti, janareto yana ruri tun safe. A da kuwa fili ne mai yashi-yashi a kan tudu, an kewaye shi da shingen bini-da-zugu saboda awaki, kuma in ka ɗaga kai kana hango duwatsu sun yi shuɗi ta gabas. Ranar darasin gona, da zarar an buga ƙarfen tayar motar da aka rataye a jikin mangwaro, sai a buɗe ɗakin ajiya, ka ji fartanyu suna karo da juna, ana rububin wadda ƙotarta ba ta girgiɗa. In ranar kasuwar shanu ce, muna sunkuye muna jin garke yana wucewa ta bayan shinge, makiyaya suna yi wa shanu magana da Fillanci kamar suna rarrashin 'ya'yansu. Ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da na ɗanyen kashin shanu su ne ƙanshin wannan darasi, kuma har yau in na ji su a haɗe sai in ji kamar na makara.

Malamin darasin dogo ne siriri, kullum wandonsa a naɗe zuwa ƙwauri, littafi a hammata. A bayan idonsa muna kiransa Malam Fartanya. Ya raba makinsa gida biyu, rabi a takarda, rabi a ƙasa, kuma in ya gama rubutu a allo sai ya kaɗe alli daga hannunsa ya ce, "To, wannan ba zai tsiro a nan ba. Ku fito."

Rabin takarda shi ne nawa. Gidanmu ba gidan noma ba ne. Kakana ya zo Mubi daga ƙasar Katsina da allura da almakashi, Baba ya gaji keke, kuma babu wanda ya taɓa mallakar ko taku ɗaya na gona a cikinmu. Ni karatu na sani. Ina karanta duk abin da ya faɗo hannuna, har guntun jaridar da aka naɗo ƙosai a ciki. Na haddace littafin aikin gona daga bango zuwa bango, nisan rami da rami, sunan kowane ƙwaro, amma ban iya bambance tsiron dawa da ciyawa ba. Magana kuwa, in malami ya kira sunana sai muryata ta maƙale a wuya. 'Yan ajinmu suka sa mini Akawu, saboda wani ɗan littafi da nake yawo da shi ina rubuta duk abin da ya faru, da rana da lokaci. A gida, abin da aka fi yabona da shi shi ne tsintar shinkafa. A lokacin shinkafa ba ta zuwa a gyare cikin buhu kamar yanzu. Sai an zauna da faifai an fitar da tsakuwa da ƙaiƙayi ɗaya bayan ɗaya, kuma yara kan gudu in sun ga an ɗauko faifan. Ni nema nake yi. Inna takan ce wa maƙwabta, "In wannan ta tsince, ku ci ido rufe."

A shekarar da nake magana, Malam ya raba mu bibbiyu, kowane biyu kunyoyi shida, su shuka abin da suka ga dama. Ya haɗa ni da Rifkatu, wata yarinya da ke zuwa a ƙafa daga Gude. Ya ce, "Ke kin san takarda, ita ta san ƙasa. In aka haɗa ku an sami ɗaliba ɗaya." Rifkatu takan iso da safe raɓa ta jiƙa mata ƙafafu, dariyarta tana riga ta shigowa aji, tafin hannunta kamar bayan ƙwarya. Ran farko ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Akawu, ga yadda za a yi. Ke ki rubuta mini abin da zan haddace, ni in yi huɗa. Amma kada ki taɓa fartanya in ba na nan, kar ki sare ƙafa a ce ni ce." Kowa ya zaɓi masara ko gyaɗa. Rifkatu ta ce mu gurjiya za mu shuka, domin kakarta tana da wani iri da ba a samunsa a kasuwa.

Baba ya bar ni na bi ta gida wata Asabar da safe, saboda shi ke ɗinka wa mahaifinta kayan Kirsimeti duk shekara. Ban taɓa yin tafiya mai nisan wannan a ƙafa ba. Muka ratsa gonaki, muka tsallake mayo, kamar yadda muke kiran rafi a nan, ruwan iyakar idon sawu, muka iske Kaka zaune a kan wani faffaɗan dutse a gindin rumbu, ta miƙe kumburarrun ƙafafunta a rana. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce mai kaifin ido. Hausarta ta kasuwa ce, ba ta raba mace da namiji. Kowa "kai" ne a wurinta, har akuyarta. Ta sa aka jawo wata 'yar tukunya daga ƙarƙashin rumbu, bakinta a liƙe da laka, ta fasa liƙin da bayan wuƙa. Ciki toka ce, cikin tokar kuma gurjiya. Rifkatu ta raɗa mini cewa uwar Kaka ce ta sauko da irin daga kan dutse, lokacin da mutanensu suka dawo zama a ƙasa, kuma a duk danginsu ita kaɗai ta rage da shi.

Kaka ta raba abin da ke tukunyar gida biyu. Rabi za a shuka a 'yar gonarta ta bakin mayo, rabi kuma a makaranta, domin ta ji an ce akwai shinge, ƙasar kuma tudu ce. Ta ce ita ba ta taɓa zuba irinta a wuri ɗaya ba. Ta ƙulle rabon makaranta a tsumma. Rifkatu ta miƙa hannu, Kaka ta tsallake shi.

"Wannan hannunsa rariya ne," in ji ta. Ta juyo gare ni. "Kai ne Akawu? An ce ko allura ba ka ɓatarwa. Riƙe."

Na durƙusa na karɓa, na fara godiya. Ta ɗaga hannu ta tsayar da ni. "Ba a gode iri. In ya yi, ka kawo mini abina."

Na ga yadda irin yake tun a bakin tukunya, kuma abin ya dame ni. Ba launi ɗaya ba ne. Akwai fari, akwai ja, akwai baƙi, akwai mai ɗigo-ɗigo kamar ƙwan zabo, akwai wasu ƙanana masu ruwan ƙasa da suka yi kama da tsakuwa. Na tattara duk ƙarfin halin da nake da shi na ce, "Kaka, wanne ne mai kyau a cikinsu?" Ta dube ni, ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, ta faɗa wa Rifkatu wani abu da yarensu, ita ma ta kwashe da dariya. A hanya na tambayi abin da ta ce. Rifkatu ta ce, "Cewa ta yi akawu ne da gaske." Iyakar amsar da na samu ke nan.

Ran Litinin na jira kowa ya watse, na sami Malam a ƙofar ɗakin ajiya yana ɗaure fartanyu da igiya. Na ce, "Malam, idan iri ya zo a gauraye, yaya ake yi?" Bai ɗago ba. Ya ce, "Ke da kika fi ni sanin shafin? Manya, lafiyayyu, masu kama ɗaya." Bai tambaye ni wane iri ba, ni kuma ban faɗa ba.

Haka aka kai ga Alhamis ɗin nan da faifan Inna. Na yi aikin yadda na iya shi, a natse, da ɗan yatsa ɗaya. Farare manya masu santsi na tura su gefe, suka kama tamanin da bakwai. Sauran na kasa su kashi huɗu, kowane launi da tarinsa. Inna ta zo wucewa da ludayi ta ce, "Wannan dafawa za a yi?" Na ce na makaranta ne. Ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a," ta wuce. Ina tuna daɗin da na ji da na dubi faifan. Ya yi kama da hoton cikin littafi. Na ji tausayin Kaka ma, na ce a raina tsufa ne ya hana ta gyara abinta, kuma za ta yi murna in na mayar mata da shi fari tas.

Ban zubar da sauran ba, domin ni ba na zubar da komai. Malam ya riga ya ce kowane ɗalibi ya kawo akwatin samfur, wato kwalin da za a jera ƙasa iri-iri da ganyaye da tsaba, kowanne da sunansa. Na tsinci ƙyallaye a ƙarƙashin keken Baba, na ɗinka 'yan jakunkuna huɗu, na zuba kowane launi a tasa tare da tokarsa, na jera su a kwalin. A jikin takardar da na liƙa a kansu na rubuta da hannuna mafi kyau: "Iri marar kyau. Ba a shukawa." Washegari Malam ya ɗaga akwatin a gaban aji ya ce kowa ya ga yadda ake aiki, sannan ya kulle shi a kabad ɗinsa, ya ce shi zai nuna wa babban baƙon da zai zo duba makaranta nan da wata biyu.

Ranar shuka Rifkatu ba ta zo ba. Zazzaɓi ya kwantar da ita, amma ta riga ta yi huɗa. Na shuka ni kaɗai, da zare da rula, ƙwaya ɗaya a kowane rami. Tamanin da bakwai ɗin suka cika kunyoyi shida daidai, ba ragi ba ƙari, na ɗauki wannan alamar nasara.

Kwana uku da shuka ruwa ya sauko, bai ɗauke ba sai da ya yi kwana biyar. Wanda bai zauna a ƙarƙashin rufin kwano a irin wannan ruwa ba ba zai gane ba. Magana sai da ihu, itace ya ƙi kamawa, kwaɗi suna kuka da rana tsaka, katangar maƙwabtanmu ta zube, keken Baba ya yi shiru saboda babu mai fitowa. Da aka koma makaranta, masarar kowa ta fito kore shar. A kunyoyinmu na ƙirga tsiro bakwai, su ma rawaya-rawaya. Na tona rami ɗaya da yatsa. Ƙwayar ta narke kamar dafaffiya, ga wari. Na tona na biyu, na uku. Na share hannuna, na rubuta abin da na gani, na rufe littafin, ban faɗa wa kowa ba.

Rifkatu ta dawo ta rame, amma bakinta yana nan. Muna tafiya gona tana ba ni labari. Mayo ya cika ya haura, ya kwashe gonar Kaka gaba ɗaya, ko alamar huɗa bai bari ba. Ta ce, "Mama har da kuka. Kaka kuwa ko a jikinta. Cewa ta yi ba komai, akwai na wajen Akawu." Haka muka iso bakin shinge.

Ta tsaya ta dubi kunyoyin. Ta ce, "Ikon Allah. Gurjiyar Kaka ba ta taɓa yin haka ba. Ko fararen sun ruɓe, ai baƙaƙen ba sa jin ruwa." Ta durƙusa ta fara tono da hannu biyu, rami bayan rami. Ta kai ƙarshen layi, ta koma na biyu. Sannan ta ɗago.

"Akawu, duk farare ne. Ina sauran?"

Na buɗe littafina a shafin Alhamis ɗin nan, na miƙa mata. Ta karanta a hankali, tana bin layi da yatsa mai laka.

"Har da lokaci kika rubuta," in ji ta. "Kin tsince wa Kaka iri kamar shinkafar Sallah. An dafa?"

Na girgiza kai.

"An zuba wa kaji?"

Na ce, "Suna kabad ɗin Malam."

Ta zauna daɓas a ƙasa, ta rufe fuska da hannu, kafaɗunta suna rawa. Har yau ban san ko dariya take yi ko kuka ba, kuma na tambaye ta bayan shekaru ta ce ita ma ba ta sani ba. Da ta natsu ta ce kwana goma suka rage mana, in sun wuce ko an shuka ganye za a girba. "Zan raka ki har ƙofar Malam," ta ce, "amma ke za ki yi magana. Ni ban ɗinka jaka ba."

Kwana biyu ina zuwa ƙofar ofishin malamai ina juyowa. Yaran yanzu ba za su gane wannan ba. Jikata tana aika wa malaminta saƙo ta waya tana kwance a gado. Mu kuwa inuwar malami ma ba ma takawa, balle a ce ka je ka nemi a dawo maka da abin da aka yabe ka a kansa a gaban aji. A rana ta uku Rifkatu ta sa hannu a bayana ta tura ni ciki.

Malam yana duba takardu da jan biro. Na ce, "Malam, ina son akwatina."

"Akwatinki? Ya zama na makaranta. Shi kaɗai ne abin da zan nuna wa baƙo ba tare da na sunkuyar da kai ba. In ya fita daga kabad, makin ma ya fita."

Ban taɓa sauka daga na biyu a aji ba, kuma ya sani. Na tsaya ina kallon ƙafar teburinsa, sai na ji maganar tana fitowa da kanta. Na faɗa masa tukunyar, da dutsen, da mayo, da faifan Inna, da abin da Kaka ta ce. Wannan ce magana mafi tsawo da na taɓa yi a gaban wani babba. Ya ajiye biron. Ya buɗe kabad, ya kwance jakar baƙaƙen, ya zuba a tafinsa, ya kai hanci ya shaƙi tokar.

"Uwata ma tana da irin wannan," ya ce. "Ban san inda ya shiga ba." Ya karanta takardar da na liƙa. "Wa ya ce miki marar kyau ne?"

Na ce, "Littafi, Malam. Da kai."

Rifkatu ta yi tari a bakin ƙofa. Malam ya dube ni ta saman tabarau, ya yi ɗan murmushi. "Da ni. Ranar nan ina ɗaure fartanyu, ko? Kamata ya yi in ce kawo in gani." Ya ɓanɓare takardar ya yage ta. Ya ware ƙwaya bibbiyu daga kowace jaka ya mayar cikin kwalin, ya tura mini sauran. Makin kuwa ya rage shi, bai fasa ba. Na kai ƙofa na juyo, tunda dai bakin ya buɗe, na ce, "Malam, to wanne ne mai kyau?" Ya ce, "A jarrabawa ki rubuta abin da littafi ya ce. A gona kuma, je ki tambayi mai irin." Babban baƙon nan, har muka bar makarantar bai zo ba.

A ranar muka sake shuka. Rifkatu ta zazzage jakunkunan huɗu a ƙwarya ɗaya, ta cusa hannu tana gauraya su a gabana. Ta ce, "Rufe ido in ba za ki iya kallo ba." Ba zare, ba rula. Ta tona da bakin fartanya, ta jefa, ta take da diddige, ni ina binta ina kwaikwayo. A daminar nan na koyi noma. Hannuna ya yi kanta ya fashe ya warke. Na koyi cire ciyawa ba tare da na girgiza saiwa ba, na koyi jawo ƙasa a rufe gindin gurjiya in ta fara fure, domin a ƙasa take ɓoye 'ya'yanta. Ko da hutu muna zuwa, ita daga Gude, ni daga cikin gari da ɗumamen tuwo a kwano, mu zauna a gindin shinge mu ci, tana yi mini tambayoyin jarrabawa da gangan a karkace don ta ga na fusata. Ruwa ya ɗauke da wuri a shekarar, kuma kullum sai na duba sama kafin in duba littafi.

Da muka tona, ba ta yi yawa ba. Baƙaƙen ne suka fi, sai ja, sai 'yan masu ɗigo da ƙananan. Farare bakwai ɗin da suka tsira suka ba da cikin tafi ɗaya. Bayan an shanya an ɓare, duka ya tsaya a ƙwarya guda. 'Yan ajinmu suna ta ɗaukar masara a kai, mu muna riƙe da ƙwarya. A zangon nan na zo ta shida. Baba ya juya takardar sakamakon gaba da baya, ya ce, "Lafiya dai?" Inna kuwa tafin hannuna ta kama ta duba, ta je ta ɗauko man shanu.

Kaka ta daɗe da rasuwa, Malam ma haka. Rifkatu tana nan, furfura ta rufe ta, bakin bai mutu ba. Duk shekara bayan girbi sai ta sauko daga keke napep a ƙofar gidana da ƙullin gurjiya, ta ce, "Akawu, ga shi, kuma na ƙirga launukan." Ba na ganin laifin ledar jikata. Irin cikinta yana cika rumbu, kuma yarinyar ta san abubuwa game da ƙasa da taki waɗanda ban taɓa karantawa ba. Abin da nake so in tambaye ta kawai shi ne ko a cikin karatun nasu akwai ranar da ake tura su su zauna a gindin rumbu. Na ware mata ƙulli daga na bana, da tokarsa. Yana kan tebur a gabana, kuma ba zan ɓoye ba, yatsana har yanzu yana ƙaiƙayin ya jera su.

Na bar ranar mayar da iri sai ƙarshe. Asabar ce ita ma, da hantsi, mayo ya koma yashi. Muka sami Kaka a kan dutsenta. Na durƙusa na ajiye ƙwaryar, na fara bayanin da na kwana biyu ina shiryawa. Ta katse ni. "Na ji. An ce ka ɗinka musu riga." Ta cusa hannu cikin ƙwaryar har wuyan hannu, ta ɗebo, ta bari suna zubowa ta tsakanin yatsunta, tana kallon kowanne. "Fari ya ragu," ta ce. "Zai dawo." Ta sa Rifkatu ta kawo toka daga murhu, ta zuba a tukunyar, ta juye irin, ta fara kwaɓa laka. Ba ta gode mini ba, ni ma ban jira ba.

Sai da ta fara liƙe bakin tukunyar na ce, "Kaka, har yanzu ba ki faɗa mini ba. Wanne ne mai kyau a cikinsu?"

Wannan karon ba ta yi dariya ba. Ta ci gaba da shafa laka da babban yatsa.

"Bara ja ne ya ciyar da mu," ta ce. "Bana baƙi. Shekarar da aka haifi uban wannan, ruwa ya ƙi, ƙananan nan da ka raina su kaɗai suka tsaya. Kai da ka yi karatu, ka san ruwan baɗi? In ka sani, zo ka faɗa mini, sai mu tsince tare."